Tsohuwar Windows a cikin sabuwar kwamfuta: wane inji za ka saya, wace hanya za ka bi?

Ranar da kwamfutar kawuna ta mutu a shagonsa na buga takardu da ke Asafo, hankalinsa duk ya koma kan injin yankan sitika. Injin lafiyarsa ƙalau, wuƙarsa ma sabuwa ce, amma manhajar da ke tuƙa shi ba ta san kowa ba sai Windows XP. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, an ce ana iya saka tsohuwar Windows cikin sabuwa. In sayi sabuwar kwamfuta ne, ko in nemo tsohuwa irin wadda ta mutu?" Na ce, "Kawu, kar ku sayi komai tukuna. Bari in zo in duba bayan injin."

Tambayar nan ina jin ta a wurare da yawa a Kumasi: wajen masu gyaran mota a Suame Magazine da ke da manhajar binciken tsofaffin motoci, wajen teloli masu injin surfani a Aboabo, da wajen 'yan kasuwar Alabar da lissafin shagonsu na shekara goma sha biyar ke cikin wata manhaja da ta ƙi hawa Windows 11. Dukansu da tsohuwar zuma suke magani, kuma suna da gaskiya. Ba wanda zai yar da injin da ke ciyar da gidansa don kawai Microsoft ta daina kula da XP ranar 8 ga Afrilu 2014, ko Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020.

Mu 'yan zango mun san tsarin maigida da baƙo tun zamanin fataken goro: baƙo ya sauka, maigida ya ba shi ɗaki, ya ba shi abinci, ya haɗa shi da kasuwa. Kwamfutar cikin kwamfuta haka take. Windows ɗin da ke kan injinka ita ce maigida, tsohuwar da za ka saka ita ce baƙo. Baƙon nan ba shi da ci. Wanda zai wahala shi ne maigida, kuma a kansa ya kamata ka kashe kuɗinka.

Abin da za ka auna kafin ka taɓa aljihu

Na farko furosesa. Ba ƙarfinta ne abin dubawa na farko ba, sai ko tana da fasahar ɗaukar baƙo, wadda Intel ke kira VT-x, AMD kuma AMD-V. Tun sigar 6.1 da ta fito a Disamba 2019, VirtualBox, ɗaya daga manhajojin da ke saukar da baƙon, ba ta tayar da baƙo in babu shi. Kusan duk Core i3, i5, i7 da Ryzen suna da shi, sai dai sau da yawa a kashe yake zuwa. Buɗe Task Manager, shiga Performance, danna CPU, za ka ga ko a kunne yake. In a kashe yake, a BIOS ake kunna shi, wato shafin saitin da ake shiga da danna wani maɓalli yayin da kwamfuta ke tashi: F10 a yawancin HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Na ga mutumin da ya kusa sayar da laftop mai kyau da araha don an ce masa ba ta iyawa, alhali aikin minti biyu ne. Sannan ka dubi yawan ƙwayoyin furosesar. XP ƙwaya ɗaya ta ishe ta, Windows 7 ta fi sakewa da biyu, kuma kar ka ba baƙo fiye da rabin abin da maigida ke da shi.

Na biyu RAM, ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Suna karanta abin da Microsoft ta rubuta a kwali, su ga XP tana neman 64MB kacal, sai su ce to kowace kwamfuta ta isa. Sun manta duk abin da ka ba baƙo daga tukunyar maigida aka ɗebo shi, kuma Windows 10 ko 11 kafin ka buɗe komai ta riga ta cinye gigabait biyu zuwa uku, ko fiye. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

| Baƙo | Mafi ƙaranci a takarda | Abin da nake ba shi | RAM ɗin maigida |
|---|---|---|---|
| Windows 98 | RAM 16MB | RAM 256MB, faifai 4GB | 4GB |
| Windows XP | RAM 64MB, faifai 1.5GB | RAM 1GB, faifai 20GB | 4GB da ƙyar, 8GB da daɗi |
| Windows 7, 32-bit | RAM 1GB, faifai 16GB | RAM 2GB, faifai 40GB | 8GB |
| Windows 7, 64-bit | RAM 2GB, faifai 20GB | RAM 4GB, faifai 60GB | 8GB da ƙyar, 16GB da daɗi |

Yawa ma yana da nasa ciwon. Windows 98 tana rikicewa in RAM ya haura 512MB, XP mai 32-bit kuma ba ta ganin abin da ya wuce gigabait uku da ɗoriya, ko nawa ka zuba mata.

Na uku faifan ajiya. Baƙon gaba ɗayansa fayil ne babba a kan faifan maigida. In faifan tsohon yayi ne mai juyawa, Windows biyu suna jan allura ɗaya, wannan ya ja nan, wancan ya ja can, sai ka ga fitilar faifan ta tsaya cak tana ci, kai kuma kana jira. SSD, faifan zamani da ba ya juyawa, mai 256GB ta fi duk wani ƙarin da za ka yi wa tsohuwar laftop amfani. Da a ba ni i7 mai tsohon faifai, gara a ba ni i5 mai SSD.

Na huɗu shi ne abin da ya sa na ce wa kawu bari in duba bayan injin: da wane kebul na'urarka ke magana da kwamfuta? In USB ne, hanya a buɗe take. In ƙofar siriyal ce mai haƙori 9, akwai dabara. In ƙofar tsohuwar firinta ce mai haƙori 25, musamman in a kanta ake maƙala ɗan makullin lasisin manhajar, ko kuma in na'urar tana da kati nata da ake cusawa cikin kwamfuta, to maganar ta canza gaba ɗaya. Wannan tambayar ita ke yanke hukunci fiye da sauran ukun a haɗe, kuma ita ce masu sayar da kwamfuta ba sa yi maka.

Na biyar wuta da tsaro. Dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar nan na Ghana, ba baƙonmu ba ne. Wuta ta ɗauke baƙo yana tsakiyar rubutu, fayil ɗin zai iya lalacewa. Laftop mai batir mai rai, ko kwamfutar tebur da UPS, batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, dole ne cikin lissafi. Tsaro kuwa, ka tuna WannaCry a Mayu 2017, bairos ɗin da ya kulle fayilolin asibitoci a Ingila, har Microsoft ta fitar wa XP faci bayan shekara uku da sallamarta. Chrome ta tsaya a siga 49 a kan XP, a 109 a kan Windows 7. Tsohuwar Windows ba wurin shiga banki ko imel ba ce.

Hanya ta ɗaya: VirtualBox a kan kwamfutar da ke hannunka

Wannan nake fara gwadawa kusan kullum. Manhajar ta Oracle ce, kyauta ce, tana hawa Windows da Linux. Kuɗin da za ka kashe na RAM ne da SSD, kuma biyun a haɗe ba su kai kuɗin wata laftop ba. Kafin ka tafi Adum ka san irin RAM ɗinka: injinan Intel zubi na 2 zuwa na 4 DDR3 suke ci, daga zubi na 6 galibi DDR4, kuma ba sa shiga ramin juna. Farashi yana bin dala, don haka ka tambayi shago uku kafin ka ciro sidi ɗinka. Ka kuma buɗe bayan laftop ɗin ka gani da idonka. Ƙananan nan masu Celeron da ajiya 32GB ko 64GB a manne take da allon cikin inji (motherboard), RAM ɗin ma sau da yawa haka, ba abin da za ka ƙara musu. Araha ba ta ado.

Wajen sauƙi, mutum mai haƙuri zai kafa XP a yamma ɗaya. Tarko biyu ne. XP ba ta zo da direban SATA ba, don haka faifan baƙon a kan IDE za ka bar shi, in ba haka ba shuɗin allo zai tare ka tun wajen girkawa. Kuma XP da Windows 7 duka ba su san USB 3.0 da kansu ba, sai ka zaɓa musu 2.0. Tun siga 7.0 ta 2022 wannan yana cikin manhajar kanta, ba sai ka sauke wani ƙari ba.

Wajen ƙarko, nan take da ƙarfi. Kana iya ɗaukar hoton halin da baƙon ke ciki ranar da komai ke aiki daidai, in ya rikice ka mayar da shi can cikin daƙiƙoƙi. Ka kwafe fayil ɗin a faifan waje, ko an sace laftop ɗin gobe, jibi shagonka ya buɗe a kan wata.

Rauninta zane mai zurfi ne. Sababbin sigoginta ba sa ba XP taimakon 3D, kuma Windows 98 ba ta da direbobin baƙo ko kaɗan a wajenta. Wani abu kuma: in ka ga ɗan koren kunkuru a ƙasan tagar, Hyper-V, manhajar baƙo ta Microsoft, ko tsaron ƙwaƙwalwa na Windows 11 ne ya riga ta kama furosesar, kuma baƙon zai yi tafiyar kunkurun nan da gaske.

Injin kawu siriyal ne. Na sayo ɗan kebul mai mayar da USB siriyal, mafi araha da na samu a wani teburi. Gwajin farko ya yanka ƙaramin harafi tsaf. Da muka saka aikin gaske, allon wata makarantar Islamiyya mai tsawon mita biyu, wuƙar ta kai tsakiyar kalma ta uku sai ta tsaya, ta ɗan yi shiru, sannan ta ja layi ɗaya miƙaƙƙe ta tsaga sitikar daga sama har ƙasa. Kawu ya ɗaga ledar yana kallon hasken ƙofa ta tsagar, bai ce komai ba. Kebul ɗin na jabu ne. Na koma na nemo mai guntun kamfanin FTDI na asali, na miƙa wa baƙon shi kai tsaye, tun ranar bai sake yankewa ba. Wanda zai bi wannan hanya ya sa kuɗin kebul mai kyau a lissafi, ya kuma yi gwaji da aiki mai tsawo, ba da harafi ɗaya ba.

Hanya ta biyu: VMware Workstation Pro

Da can kuɗi ake biya, masu yawa kuwa. Bayan Broadcom ta sayi kamfanin a 2023, ta mayar da ita kyauta ga mai amfanin kansa a Mayu 2024, sannan ga kowa har da 'yan kasuwa a Nuwamba 2024. Abin da take nema a wajen maigida kusan ɗaya ne da VirtualBox, don haka kuɗin inji bai canza ba. Wahalarta a saukewa take: sai ka buɗe asusu a shafin Broadcom, ka bi ƙofa bayan ƙofa. Direbobin baƙo na tsofaffin Windows ma yanzu daban ake sauke su.

In ka wuce nan, a ganina ta fi riƙe USB da kyau, ta kuma fi iya zane a XP da Windows 7. Shi ya sa ita nake ba masu gyaran mota da masu surfani shawara. Sai dai daga siga 17.6 ta daina miƙa wa baƙo ƙofar firinta mai haƙori 25, don haka mai makullin lasisi irin wancan kar ya dogara da ita.

Akwai gargaɗi ga 'yan Magazine da nake maimaitawa ga kowane masta. Karanta matsalar mota ta cikin baƙo ba laifi: in layi ya yanke, ka sake haɗawa. Amma rubuta sabuwar manhaja a ƙwaƙwalwar mota wani abu ne daban. In USB ya ɗan saki a tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwar tana iya mutuwa, motar mutane ta kwana a garejinka, kai kuma ka shiga neman wata. Irin wannan aiki ban yarda a yi shi ta cikin baƙo ba.

Hanya ta uku: Hyper-V

Tana cikin Windows 10 da 11 Pro, babu ita a Home. Ba sai ka sauke komai ba, kuma tana da ƙarfi wajen sababbin Windows da Linux. Ga aikinmu kuwa ba ta dace ba: ba ta miƙa wa baƙo na'urar USB kai tsaye, XP kuma takan zauna a cikinta ba sauti, da ƙaramin allo. In manhajar lissafi ce kawai a Windows 7, ba kebul ba komai, za ta yi. In akwai inji a ƙarshen waya, wuce ta.

Hanya ta huɗu: 86Box, ga Windows 98 da DOS

Wannan ba ɗaki take ba baƙo ba, gida sukutum take gina masa: tana kwaikwayon tsohon allo, tsohuwar furosesa, katin sauti da na hoto, ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka Windows 98 tana zama a cikinta kamar a gidan ubanta, ba ta gamuwa da rikicin da takan yi a kan sababbin furosesa irin su Ryzen. Kyauta ce, ba ta cin RAM sosai, amma tana shan ƙarfin furosesa kamar ruwa, kuma ƙwaya ɗaya ce ke ɗaukar yawancin nauyin. Kwaikwayon 486 ko Pentium na farko ba wuya. Kwaikwayon Pentium II yana son inji sabo mai gudu, in ba haka ba sauti ya riƙa kakkaryewa. Kafa ta sai wanda ya taɓa zama da BIOS na da. Ga manhajar DOS zalla, DOSBox ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

A nan zan tsoma maganar Mac. Masu M1 na 2020 da waɗanda suka biyo baya furosesarsu ARM ce, ba irin ta Intel ba. XP da Windows 7 sai ta kwaikwayo suke tashi a kansu, da nauyi kuwa. Kar ka sayi Mac don wannan aiki.

Hanya ta biyar: tsohuwar kwamfuta ta gaske

Wani lokaci amsar ita ce kar a yi baƙon ma. Dell OptiPlex 780 tana da siriyal da ƙofar firinta a bayanta, da ramin kati a ciki. Latitude D630 tana da siriyal na asali, shi ya sa makanikai ke son ta har yau. Injinan Intel har zubi na 3 galibi ana samun direbobinsu na XP, Windows 7 kuma har zubi na 6. Cikin kayan hannu da ke saukowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema ana samun irinsu, kuma suna da araha. Na'urarka za ta yi magana da su ba tafinta.

Matsalar ƙarko ce. Inji mai shekara goma sha biyar ya riga ya ci rabonsa. Kafasitocin allo suna kumbura, ƙurar hunturu tana toshe fanka, ɗan batirin CR2032 yana mutuwa agogo ya koma baya, manhajar lasisi ta ƙi buɗewa. Ranar da allon ya ƙone, XP ba ta yarda a ɗauke faifanta a dasa a wani inji daban cikin sauƙi. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya sayi biyu iri ɗaya, ya kwafe faifan na farko a na biyu, ya rufe shi da leda ya ajiye. Ya kuma cire mata intanet gaba ɗaya, ya hana yaran shago cusa mata filashi.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| VirtualBox | Kyauta, sai RAM da SSD | Mai kyau, fayil ne ake kwafewa | Da sauƙi | Raunin 3D, kebul na jabu |
| VMware | Kyauta, inji iri ɗaya | Mai kyau | Saukewa da wuya, aiki da sauƙi | Babu ƙofa mai haƙori 25 |
| Hyper-V | Sai Windows Pro | Mai kyau | Matsakaici | Babu USB kai tsaye |
| 86Box | Kyauta, sai inji mai gudu | Mai kyau | Da wuya | Nauyi a raunanan injina |
| Tsohon inji | Araha | Rauni | Da sauƙi in akwai direbobi | Mutuwar allo, bairos |

Abu ɗaya ya shafi dukansu: tsufan Windows bai mayar da ita kyauta ba, tana nan da lasisinta. Faya-fayan nan da wasu suka yi wa kwaskwarima suke rabawa, ba ka san abin da aka dasa a ciki ba. In kana da faifan asali da lambar da ke manne a jikin tsohon injinka, ka adana su kamar takardar fili.

Wa ya dace da me

Mai manhajar lissafi ko ta rubutu a XP, ba kebul: laftop ɗin da ke hannunka ta isa, in ta kai 8GB da SSD. Saka VirtualBox, ka kashe wa baƙon intanet, ka buɗe masa jaka ɗaya da zai riƙa musayar fayil da maigida.

Mai 4GB da ba halin ƙari yanzu: XP za ta tashi da 512MB zuwa 1GB in ka rufe burauza. Windows 7 kuwa ka haƙura har ka ƙara. In ka iya Linux Mint, mayar da ita maigida yana rage cin RAM, kuma yana magance wata damuwar, tunda Windows 10 ma an daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025.

Wanda zai sayi inji musamman don wannan: nemi na ofis, ThinkPad, Latitude ko EliteBook, mai i5 zubi na 8 ko sama. Daga nan ne i5 na laftop irin 8250U ya koma ƙwaya huɗu, kuma daga nan ne Windows 11 ke karɓar inji. RAM 16GB in Windows 7 mai 64-bit za ka riƙe, 8GB in XP ce. Ka kunna ta a shagon ka duba VT-x da batir kafin ka biya.

Telan surfani da mai injin yanka masu USB ko siriyal: VMware ko VirtualBox, kebul na asali, da UPS in kwamfutar tebur ce.

Makanike: baƙo a VMware don karanta matsala, tsohuwar laftop ta gaske mai sabon batir don rubuta wa ƙwaƙwalwar mota.

Mai makulli a ƙofa mai haƙori 25 ko kati na musamman: tsohon inji, guda biyu.

Mai Windows 98 ko DOS: 86Box ko DOSBox, sai in akwai na'ura a haɗe, to shi ma tsohon inji.

Kawu a rukuni na huɗu ya faɗa. EliteBook ta hannu muka saya mai 8GB, muka sa mata SSD, XP tana zaune a ciki da 1GB ba intanet. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci yana kwafe fayil ɗin baƙon a faifan waje, ya jefa shi a aljihun babbar rigarsa ya kai gida.